Tanderun Farar Ƙasa a Tsakiyar Daji: Nazarin Kwarin Kogin Delaware

A arewa maso gabashin Amurka, inda Kogin Delaware ya raba jihar Pennsylvania da ta New Jersey, akwai wani gandu na gwamnatin tarayya da ake kira Delaware Water Gap. Faɗinsa ya kai kusan hekta 28,000, kuma mutum fiye da miliyan 4 ke zuwa cikinsa a shekara, akasarinsu daga biranen New York da Philadelphia, don su sha iska, su yi iyo, su kama kifi. Abin da idonsu ke gani daji ne mai duhu, da barewa, da tsaunuka, da magangarar ruwa. Da yawansu suna komawa gida da yaƙinin cewa sun ga ƙasar yadda Allah Ya halicce ta, kafin hannun ɗan Adam ya taɓa.

Wanda ya rage sauri a kan wata tsohuwar hanya ta cikin gandun da ake kira Old Mine Road, ko ya shiga kwarin Walpack a ƙafa, zai ci karo da wani gini da bai dace da wannan tunanin ba. Bango ne na manyan duwatsu, an jingina shi da gefen tudu, tsayinsa ya fi na mutum biyu a wasu wuraren. A gindinsa akwai 'yar ƙofa mai baka, wadda sai mutum ya sunkuya zai leƙa. In ka zagaya ka hau tudun ta baya, sai ka tarar da bakin rami zagayayye, ganye ya cika shi, wani lokaci har bishiya ta tsiro a tsakiya. Baƙi kan ɗauka kabari ne, ko maɓoyar sojoji, ko rumbun 'yan asalin ƙasar. Tanderu ne na ƙona farar ƙasa, manoma suka gina shi, kuma duk inda ka gan shi, to dajin da ke kewaye da kai gonar wani ce a da.

Yadda ƙasar ta gaji

Kafin zuwan Turawa, mutanen Lenape ne ke zaune a kwarin, suna noman masara da wake da kabewa a fadamun bakin kogi. A farkon ƙarni na 18 Turawa 'yan asalin Holan da Faransa suka gangaro daga wajen Kingston ta jihar New York, suka biyo hanyar da daga baya ta zama Old Mine Road, mai tsawon kusan kilomita 170. Wani mai suna Nicholas Depui ya zauna a Shawnee wajen 1727. A 1737 aka yi wani cinikin fili na yaudara da ya raba Lenape da babban yanki na gefen Pennsylvania, daga nan kuma kwarin ya zama na masu garma.

Fadamar bakin kogi tana da ƙarfi, don ambaliya kan sabunta ta. Amma fadama ba ta da yawa, iyalai kuwa suna ƙaruwa, sai 'ya'ya da jikoki suka hau tudu suna sare daji. Sabuwar gonar da aka sare ta kan yi albarka shekaru kaɗan, saboda ruɓaɓɓen ganyen da ya taru da tokar itacen da aka ƙone. Bayan haka sai alkama ta fara ramewa, masara ta gajarce, wasu ciyayi marasa amfani su mamaye fili. Manoman suka ce ƙasar ta yi tsami, kuma sun yi gaskiya, ko da yake ba su da na'urar auna shi.

Ruwa ba ya tsami banza, ƙasa ma haka. Yankin yana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma babu rani irin namu da zai tsayar da shi, kusan kowane wata ana yi. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana wanke sinadarin kalsiyam da magniziyam ya yi ƙasa da su. Kowane damin alkama da aka kai kasuwa, da kowace saniya da aka sayar, su ma sun tafi da nasu kason. Ga shi kuma babban tsaunin yankin, Kittatinny, dutsensa mai yashi ne, ƙasar da ta fito daga gare shi tun asali ba ta da kalsiyam sosai. Idan tsami ya yi yawa har ma'auninsa, wato pH, ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam da ke cikin ƙasa yakan narke ya ƙone bakin saiwa, fosfaros kuma ya ɗaure ya ƙi sakuwa ga shuka. Abin da ya fi cutar da manomi shi ne ciyawar kuloba, wadda dangin wake ce mai mayar wa ƙasa naitirojin, ba ta kamawa a ƙasa mai tsami. Babu kuloba, babu harawa mai kyau. Babu harawa, shanu ba za su yawaita ba, taki ya yi ƙaranci, gona ta ƙara lalacewa.

Maganin kuwa yana nan kusa. Tsakanin kogin da tsaunin Kittatinny akwai wani ƙaramin tudu mai tsawo, tudun Walpack, wanda ke ɗauke da jijiyoyin dutsen farar ƙasa. Matsalar ita ce a wancan zamanin babu injin da zai niƙe dutse ya zama gari da araha. Hanya ɗaya ce manomi ke da ita ta mayar da dutse gari, wato wuta.

Aikin tanderu

Dutsen farar ƙasa haɗin kalsiyam ne da kabon da iskar oksijin. In aka gasa shi har zafi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salsiyos, iskar kabon dayoksaid takan fice ta bar ƙonanniyar farar ƙasa. Dutse mai tsabta mai nauyin kilo 100 yakan koma kilo 56. Siffarsa tana nan kamar yadda aka zuba shi, sai dai ya yi sakayau. Da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya yi zafi, ya yi huci, ya kumbura, ya farfashe ya zama farin gari mai laushi. Wannan garin ne ke kashe tsamin ƙasa.

Dalilin jingina tanderu da tudu dabara ce ta mutanen da ba su da injin ɗaga kaya. Keken shanu ko na doki zai hau ta baya ya juye dutse da itace kai tsaye a bakin ramin, wani keken kuma ya tsaya a ƙasa, a bakin 'yar ƙofar, ya kwashi abin da ya ƙone. Tudun kansa yana riƙe zafi, yana kuma tallafe bangon. Cikin ramin yakan yi siffar ƙwai ko tukunya, ƙasa a tsuke, tsakiya da faɗi, kuma ana shafe shi da dutsen da ke jure wuta, don in aka yi shi da farar ƙasa shi ma zai ƙone tare da kayan. Shi ya sa a tanderu da yawa za ka ga fuskar duwatsun ciki ta narke ta yi sheƙi kamar kwalba. Wannan sheƙin na daga cikin tabbatattun alamun da masu binciken kufai ke dubawa kafin su ce rami tanderu ne, ba rijiya ko gindin ɗaki ba.

Hanyar zuba kaya iri biyu ce. Ko dai a jera manyan duwatsu su yi rumfa a ƙasa, a cika sama da ƙanana, a hura wuta a ƙarƙashin rumfar ana ta ƙara itace dare da rana. Ko kuma a yi hawa-hawa, shimfiɗar makamashi, shimfiɗar dutse, har baki, a kunna daga ƙasa wuta ta ci ta hau. Kowace aka bi, aikin kwanaki ne, sannan a jira wasu kwanakin ya huce. Gwaninta tana wajen sarrafa iska. In wuta ta yi sanyi, tsakiyar dutse ba za ta nuna ba, sai a kwashe a ga ƙwallo mai tauri a ciki. In ta yi yawa, dutsen ya mutu, ya ƙi karɓar ruwa. Mai ƙona farar ƙasa da ya san aikinsa yakan duba launin wuta da dare, ko ya soka sandar ƙarfe daga sama ya ji yadda take shiga.

Aikin yana da haɗari ƙwarai. Iskar da ke fita daga bakin tanderu ba ta da wari, kuma tana iya kashe wanda ya kwanta kusa don jin ɗumi a daren sanyi. Ƙurar ƙonanniyar farar ƙasa tana cin fata mai gumi, tana makantar da ido. Keken katako da aka loda, in ruwan sama ya same shi a hanya, zafin da zai taso yana iya tayar da gobara. Duk da haka manoma suna yi, galibi a lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, kuma sau da yawa maƙwabta kan haɗu a kan tanderu ɗaya, wannan ya kawo dutse, wancan itace, a raba abin da ya fito.

A gona, ana sauke shi tsibi-tsibi, a bar raɓa da ruwan sama su farfasa shi, wasu su rufe da ƙasa, sannan a baza da shebur a bi da garma. Ragowar kuma ba a zubarwa. Da shi ake kwaɓa abin ɗaura dutse wajen gini, da shi ake shafe ɗaki da garken shanu, majema suna cire gashin fata da shi, ana kuma barbaɗa shi a masai.

Abin da ya yawaita tanderu a ƙarni na 19 shi ne kwal. Ƙona dutse da itace zalla yana cin daji, manomin da ya riga ya sare nasa kuwa ba shi da na ƙonawa. Amma a arewa maso gabashin Pennsylvania akwai kwal mai tauri, mai zafi, marar hayaƙi sosai. Da aka haƙa hanyoyin ruwa na jigila, irin su Delaware and Hudson a 1828, wadda ta bi ta Port Jervis a saman kwarin, da ta Lehigh a 1829, da ta Morris a 1831, sai kwal ya yi araha, musamman ɓarɓashinsa da masu gidaje ba sa so. A 1856 jirgin ƙasa ya ratsa ta mashigin da kogin ya yanka a tsaunin Kittatinny. Ƙananan tanderun gona na wannan yanki na Amurka, mafi yawansu 'ya'yan wannan zamanin ne.

Uba ya yi arziki, ɗa ya gaji talauci

Manoman Jamus suna da wata tsohuwar magana, wadda Ingilishi ma suke da irinta, cewa farar ƙasa tana azurta uba ta talauta ɗa. Pennsylvania kuwa cike take da manoma 'yan asalin Jamus. Wannan maganar ita ce zuciyar lamarin, don haka ya kamata a tsaya a kanta.

Farar ƙasa ba taki ba ce. Ban da kalsiyam, da magniziyam a wasu duwatsun, ba ta kawo wa gona komai daga waje. Abin da take yi shi ne buɗe rumbun da tsami ya kulle. In tsami ya ragu, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sukan farfaɗo su hau cin ruɓaɓɓen ganye da saiwa da suka taru shekara da shekaru, su saki naitirojin. Fosfaros da ya ɗaure ya saku. Sai amfanin gona ya yi tsalle, manomi ya ga kamar ya sami laƙani. To amma abin da ya fito ɗin ajiyar ƙasar ce, kuma yanzu ana kwasarta da sauri fiye da da. Manomin da ya haɗa farar ƙasa da kuloba da takin shanu da juya shuka, shi ya gyara gonarsa da gaske, kuma haka manoman kudu maso gabashin Pennsylvania suka farfaɗo da gonakin da aka ɗauka sun mutu. Wanda kuwa ya zuba farar ƙasa kaɗai, ya noma alkama a kan alkama, ya sayar da harawarsa a birni, to cin bashi yake yi da sunan ɗansa.

Masana na wancan lokacin sun lura da batun. Alƙali Richard Peters na Philadelphia ya yi ta yaɗa amfani da jifsam, wani farin dutse mai laushi, a kan kuloba tun ƙarshen ƙarni na 18, sai dai jifsam, ko da yake yana da kalsiyam, ba ya rage tsami. A jihar Virginia, Edmund Ruffin ya wallafa bincikensa a 1832, inda ya nuna cewa tsami ne ke hana taki aiki a gajiyayyun gonaki, kuma ƙasa mai ɓawon katantanwar ruwa tana gyara shi. Ilmin yana nan. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne halin bin sa, musamman mai gona a kan gangare mai duwatsu, mai 'yan shanu uku, da bashi a wuya.

A nan ne lamarin ya taɓo mu. A Samaru ta Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana da filayen gwaji da aka fara tun 1950, inda ake gwada takin shanu da takin zamani a kan fili ɗaya shekara bayan shekara. Abin da ya bayyana shi ne, takin zamani mai naitirojin, musamman salfa ta amoniya, in aka daɗe ana zuba shi shi kaɗai yana tsamar da ƙasa, amfani ya riƙa raguwa, alhali filin da aka haɗa masa da takin shanu yana riƙe ƙarfinsa. Manomin Walpack ya sami farar ƙasa ya rasa taki, namu kuma yakan sami buhun taki ya manta da tsami.

Wa ya kashe wutar?

In ka tambayi mutanen yankin yadda gonaki suka koma daji, amsa ɗaya za ka ji: gwamnati ce ta kore mu saboda dam. Gaskiya ne, kuma za mu zo kansa. Amma tanderun suna ba da wata shaidar da ta riga wannan, domin wutarsu ta mutu shekaru da dama kafin a fara zancen dam.

Kasuwa ce ta fara yin aikin. Tun da aka buɗe hanyar ruwa ta Erie a 1825, sannan jiragen ƙasa suka biyo baya, alkamar filayen yamma, inda ƙasa baƙa ce mai zurfi kuma babu dutse, ta riƙa isowa New York da arahar da manomin tudu ba zai iya karawa da ita ba. Waɗanda ke kusa da tashar jirgi suka koma kiwon shanun madara. Na nesa, 'ya'yansu suka tafi birni ko yamma. Ƙauyen Millbrook misali ne: an kafa injin niƙa a wurin a 1832, ya bunƙasa har ya kai kusan mutum 75 wajen 1875, daga nan ya riƙa zubewa domin jirgi bai bi ta kansa ba. Su kansu masu sayen farar ƙasa sun sami mafita mafi sauƙi. Manyan kamfanoni masu tanderun da ba a kashe wutarsu suka riƙa aiko da ita a jirgi, takin zamani ya shigo kasuwa, siminti ya ƙwace aikin gini. Daga farkon ƙarni na 20 injin niƙa dutse ya sa ana iya baza garin farar ƙasa ɗanye, ba ƙuna ba haɗari, kuma daga 1936 gwamnatin tarayya ta fara tallafa wa manoma da kuɗin sayensa. Babu mai hankalin da zai kwana uku a bakin wuta bayan haka. Gonakin da suka fi gangare aka fara saki, wasu kuma 'yan birni suka saye suka mai da su gidajen hutu da sansanonin yara.

Sai ambaliyar watan Agusta na 1955. Guguwa biyu, Connie da Diane, suka zo a jere cikin kwanaki kaɗan, kogin da rassansa suka yi cikar da ba a taɓa rubuta irinta ba, mutum kusan 100 suka mutu a yankin. Fiye da 30 daga cikinsu, galibi mata da yara, a sansanin hutu ɗaya ne a bakin rafin Brodhead. A 1962 Majalisar Dokokin Amurka ta amince a gina madatsar ruwa a tsibirin Tocks, kimanin kilomita 10 sama da mashigin tsaunin. Tafkin da zai taru zai kai tsawon kusan kilomita 60, har zuwa Port Jervis. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kafa gandun shaƙatawa da zai kewaye tafkin. Sashen Injiniyoyin Sojan Amurka ya shiga karɓar filaye, wanda ya yarda a biya shi, wanda ya ƙi a ƙwace ta hanyar kotu. An raba mutum kusan 15,000 da gidajensu. Garuruwan Bushkill da Dingmans Ferry a gefen Pennsylvania aka rushe mafi yawansu. Wasu iyalan sun fi shekara 200 a kan filin da aka tashe su.

Wani abin lura, wanda masu adawa suka yi ta nanatawa, shi ne akasarin mutanen da ambaliyar 1955 ta kashe a kan rassan kogin suka mutu, inda wannan madatsar ba za ta kare kowa ba. Wata mata 'yar yankin, Nancy Shukaitis, wadda daga baya ta zama kwamishina a gundumar Monroe, tana cikin waɗanda suka fara ja da aikin tun ana yi musu dariya. Sannu a hankali abubuwa suka taru a kansa. Yaƙin Vietnam ya cinye kuɗi, kuɗin aikin ya ninka, binciken ƙasa ya nuna wurin da za a kafa madatsar ba shi da dutse mai ƙarfi kusa, masana kuma suka yi gargaɗin cewa dattin gonaki da na garuruwan sama zai sa tafkin ya yi gansakuka. A watan Yuli na 1975 hukumar da ke kula da kogin ta kaɗa ƙuri'a: jihohin New York da New Jersey da Delaware suka ce a'a, Pennsylvania kaɗai ta ce i. A 1978 aka sa wannan sashe na kogin cikin kogunan da doka ta hana a datse. Ba tsuntsu ba tarko: babu tafki, babu ƙauyuka. Ƙaramar hukumar Pahaquarry ta rasa mutane har aka narkar da ita cikin maƙwabciyarta a 1997. A Walpack kuwa, ƙidayar 2010 ta sami mutum 16, ta 2020 ta sami 7.

A ganina, wanda ya ɗora wa dam komai ya rage labarin, wanda kuma ya ce ai dama noman ya mutu ya wanke gwamnati da ruwan da bai kamata ba. Tudu kasuwa ce ta kore shi, fadama da ƙauyuka kuwa takardar gwamnati ce. In ka san inda tanderu yake, ka dubi kaurin itatuwan da ke kewaye da shi, sau da yawa za ka iya rarrabe wanne ne ya faru a wurin.

Abin da dajin ke riƙe da shi

Gonar da aka saki a wannan yanki tana bin matakai sanannu. Ciyawa da ƙaya su fara, sai jan sida, wata bishiya mai ganye kamar allura da ke son rana da ƙasa mai kalsiyam. Bayan shekaru manyan itatuwa masu faɗin ganye su taso su yi mata inuwa ta mutu a tsaye. Don haka in ka ga gawarwakin jan sida a ƙarƙashin dogon daji, wurin makiyaya ce ko gona a da. Haka nan in ka ga wata ƙatuwar bishiya mai rassa a baje tun daga ƙasa, a tsakiyar siraran itatuwa miƙaƙƙu, ta girma ne a fili lokacin da babu mai tare mata rana. Ga jerin duwatsun da aka tsince daga gona aka tara a iyaka, ga ramin gindin gida, ga itacen tuffa da ya koma na jeji. Tanderu ɗaya ne daga cikin wannan ayarin shaidu, sai dai ya fi sauran faɗin magana, domin jerin dutse yana cewa an yi noma, shi kuwa yana cewa an yi noma har ƙasa ta gaji an nemi magani.

A ƙarƙashin ƙafa ma akwai shaida. Inda garma ta taɓa bi, in aka haƙa rami za a ga saman ƙasa ya gauraye ya zama launi ɗaya, da iyaka miƙaƙƙiya kamar an ja layi, ko bayan shekara 100. Tasirin kan daɗe fiye da yadda ake zato. A dajin Tronçais da ke tsakiyar Faransa, masu bincike sun gano cewa kewayen kufan gonakin Rumawa, waɗanda aka bari tun fiye da shekara 1,500, har yau ƙasarsu ba ta kai ta sauran dajin tsami ba, ta fi fosfaros, kuma irin tsirran da ke wurin sun bambanta. Daga cikin dalilan da aka kawo akwai farar ƙasar da ta zube daga gine-ginen. A kwarin Kogin Delaware, tsofaffin gonaki ne suka fi cika da baƙin tsirrai masu mamaya, irin wata ƙaya 'yar Japan da aka shigo da ita don ado, da furen ƙaya da hukumomin gona da kansu suka taɓa raba wa manoma don shinge. Furannin daji na asali kuwa, waɗanda tururuwa ke ɗaukar irinsu taku kaɗan a shekara, har yanzu ba su gama komawa ba. Dajin ya dawo da tsayinsa, amma ba shi ne dajin da aka sare ba. Wannan ba a kwarin nan kaɗai ba ne: kusan kashi 60 cikin 100 na Pennsylvania daji ne a yau, kuma kusan dukansa sabon tashi ne.

Sabuwar hanyar gano irin waɗannan wurare ita ce hoton leza daga jirgin sama, wanda ke ratsa tsakanin rassa ya zana siffar ƙasa tsirara. A 2014 Katharine Johnson da William Ouimet suka nuna da shi yadda dazuzzukan kudancin New England ke ɓoye da jerin duwatsu da gindin gidaje da tsofaffin hanyoyi. Tanderu yana da sauƙin ganewa a irin wannan hoton, domin rami ne zagayayye a gefen tudu, sau da yawa da sawun hanyar keke a bayansa da ramin da aka fasa dutse a kusa.

Wa zai kula da su?

A takarda suna da kariya. Dokar adana wuraren tarihi ta 1966 ta wajabta wa hukumomin tarayya su duba tasirin duk wani aiki a kan irinsu, dokar 1979 ta haramta haƙa ko ɗaukar kayan kufai a filin gwamnati ba da izini ba, kuma tun 1980 aka sa yankin Old Mine Road a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Amma maƙiyin tanderu ba ɓarawo ba ne. Saiwa ce ke shiga tsakanin duwatsu tana kumbura, ruwa ya taru a cikin ramin ya daskare da sanyi ya tura bango waje, bishiyar da ta tsiro a baki iska ta tumɓuke ta ta tafi da rabin ginin. Bakan ƙofar ne ke riƙe da nauyin gaba, ranar da ya faɗi sauran sai su biyo.

Hukumar gandun ta gaji ɗaruruwan gine-gine daga Injiniyoyin Soja, kuma kuɗin gyara bai taɓa isa ba. In ana zaɓe tsakanin rufin gidan dutse na Van Campen, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 18, da wani rami a cikin ƙaya, kowa ya san inda kuɗi za su tafi, ban kuma ga laifin hakan ba. Sai dai gidajen da ake gyarawa galibi na masu hali ne, mutanen fadama. Tanderu kayan aikin talakan manomi ne, kuma kula da shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a rubuta inda kowanne yake, a auna shi a ɗauki hoto, a sare ƙananan itatuwa tun suna tsiro, a buɗe wa ruwa hanya, a zaɓi kaɗan na bakin hanya a kafa musu allon bayani. Babbar bishiyar da saiwarta ta riga ta saƙe da bango ita ce mai wuyar sha'ani. In aka tumɓuke ta ginin zai bi ta, in aka sare aka bar kututture saiwar za ta ruɓe ta bar rami, duwatsu su zauna. Masu wannan aikin sukan sare ta a hankali daga sama, su bar saiwar a wurinta, su riƙa dawowa suna cike giɓin da ya buɗe.

Tun daga 2021 wasu ƙungiyoyin kare muhalli suke neman a ɗaga matsayin wurin ya zama cikakken gandun ƙasa, da sunan Lenape a cikin sabon sunansa. Mafarauta da ƙananan hukumomi da dama na kewaye sun ƙi, kuma a cikin masu ƙin akwai jikokin waɗanda aka tasa saboda madatsar Tocks, waɗanda ba su manta yadda alkawarin gwamnati ya ƙare a karon farko ba. Har yanzu hukumar tana ba manoma hayar wasu filayen fadama don kada daji ya rufe su, ana noma masara da waken soya da harawa, farar ƙasar da ake zuba musu kuma niƙaƙƙiya ce, babbar mota ke kawo ta.